Sifirin Bayan Hagu

Tun kafin motar ta tsaya Malami ya lura da tafiyarta. Tsohuwar akori-kura ce fara, bayanta ba komai sai tabarma da igiya, amma ta shigo gareji tana jan ƙugun hagu kamar jakin da aka ɗora wa buhu gefe ɗaya. Da ta faɗa ramin da ruwan jiya ya haƙa a bakin hanya, sai bayanta ya yi ƙasa, ƙarfe ya daki ƙarfe, ta ci gaba da lilo har direban ya kashe inji.

Garejin Malami yana bakin hanyar da ta fita daga Isa ta nufi Sabon Birni. Rumfar kwano ce da bishiyar dogon yaro da tulin tsofaffin ƙarafa. Malami ya haura shekara hamsin, kuma aikinsa ƙasan mota ne, sifirin da shokazoba da duk abin da ke ɗaukar nauyi. Hanyoyin yankin ba su taɓa barinsa ya zauna banza ba. Jikin rumfarsa akwai rumfar Usmanu mai walda, ƙanen matarsa Habi.

Direban ya fito. Attahiru ne, mutumin wani ƙauye a gefen Kurawa, mai jigilar gero da dawa tsakanin kasuwanni. Malami ya sha gyara masa wannan motar. Sai dai yau ya ga yaron ya rame, idanunsa sun yi ja, rigarsa kuma kamar da ita yake kwana.

"Baba Malami, ina kwana."

"Lahiya lau, Attahiru. Ya iyali?"

Attahiru ya nuna motar. "Ita nika so ka duba mani. Ta kwanta baya. Amma yau nika sonta, kahin la'asar."

"Kowa yau yaka son tashi," in ji Malami. Ya goge hannu ya zagaya bayan motar.

Ya fara tsayawa nesa kaɗan ya kalle ta daga baya. Gefen hagu ya yi ƙasa da na dama da kusan taƙi guda. Ya matso ya duba tayar: ta ci daga ciki, ta yi tudu da kwari, alamar ta daɗe tana tsalle a kan hanya. Ya durƙusa ya shafa shokazoba, hannunsa ya fito da baƙin mai wanda ƙasa ta manne wa. Wannan kam ta mutu, man cikinta ya tsiyaye. Ya miƙe ya dafa kusurwar motar da hannu biyu, ya danna da ƙarfinsa, ya saki. Mota mai lafiya takan tashi sau ɗaya ta tsaya. Wannan ta tashi ta koma, ta tashi ta koma.

A cikin wannan lilon ne ya ji wata ƙara. Ruwa ne ke kaɗawa a cikin ƙarfe, a hankali, can ƙasa.

Tankin man wannan mota a gefen dama yake, kusa da gaba. Malami ya sani, don shi ya taɓa ɗaure shi da ya kwance. Ƙarar kuwa daga hagu take zuwa, daga ƙarƙashin inda ake zuba kaya.

Ya jawo kwali ya shimfiɗa, ya kwanta, ya shiga ƙarƙashin motar. Sifirin ya fara dubawa, don shi aka kawo masa. Fallayen ƙarfen da ya kamata su yi baka sun miƙe sun kwanta. Falle na biyu daga sama ya karye daidai kusar tsakiya, rabinsa ya zame ya fito gefe. Ya bi bakin karyayyen ƙarfen da ido, ya ga inda yake gogawa. A nan ya ga abin: wani faffaɗan tanki an liƙe shi da walda a ƙarƙashin bodi, an shafe shi da laka da baƙin mai don ya yi kama da tsohon ƙarfe. Bakin fallen ya kankare lakar ya fara cin ƙarfen tankin, wurin ya yi fari yana ƙyalli. A jikin ɗinkin waldar akwai ɗan danshi. Ya taɓa ya kai hanci. Fetur ne.

Ya ɗan jima kwance yana kallon wurin. Tun da hukuma ta hana sayar da mai a jarka a yankin, kowa ya san abin da ake nufi da mai ɓoyayye. Baburan da ke fitowa daga daji su auka wa ƙauyuka ba da ruwa suke tafiya ba. Wani ne ke kai musu. Kuma wanda aka kama yana kaiwa, in ya faɗa hannun sojoji ya yi sa'a. In hannun 'yan sa-kai ya faɗa, sau da yawa ba ya kaiwa gaban alƙali.

Daga rumfar Usmanu ƙarar guduma take tashi. Usmanu ya shiga 'yan sa-kai tun daminar da ta wuce, bayan da mutanen daji suka harbe ƙanensa Faruk a gona. Malami ne ya ɗauko gawar a bayan motar wani, shi ne kuma ya shiga gida ya gaya wa Habi.

Ya fito daga ƙarƙashin motar, ya kama hannun Attahiru ya ja shi bayan dogon yaro.

"Mi ka ɗauko?"

"Ba komi, Baba. Ka ga ai bayanta..."

"Attahiru. Ƙarƙashinta ni hito."

Attahiru ya tsuguna a gindin bishiyar. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Bara'atu sunka ɗauka. Matata. Tana cire ciyawa cikin gero, da yaro bisa bayanta. Mun sai da shanu da babur mun kai, sunka ce bai isa ba, mai suka so. Can ƙetare anka yi mani tankin, can ni cika shi. Jiya sunka kira ni ta layin Nijar, sunka aza mani waya in ji tarin yaron. Sun ce in rana ta hwaɗi yau ban zo ba, kada in sake kira."

"Ina za ka kai man?"

"Bayan Bafarawa. Akwai wata hanyar daji."

"Da wanga sifirin?"

"Shi ya sa ni biyo nan. Shingen baya wani soja yat tambaye ni mi ya sa mota ba kaya take kwance. Na ce sifirin ne yam mutu, yab bar ni. Shingen gaba akwai 'yan sa-kai, su kuwa leƙa ƙarƙashi sukai in sun ga abin da bai yi masu ba."

Malami ya juya ya kalli motar. Ko da ba shinge, ba za ta kai ba. Ramin farko mai zurfi a hanyar daji, karyayyen fallen zai huda tankin, ƙarfe na gogar ƙarfe, ga salansa da zafi a kusa. Attahiru zai ƙone a cikinta kafin ya buɗe ƙofa.

"Ka san abin da za su yi da man ga," in ji Malami.

"Na sani."

"Ka san wane ne cikin rumfa waccan."

"Na sani, Baba. Da akwai wani mai sifirin tsakanin nan da can, da ban zo maka ba. In ka ce in tahi, za ni tahiya hakanan. Ba ni ganin laihinka."

Malami ya so ya ce masa ya tafi. Kalmar ta zo masa har baki. Ya tuna yadda jinin Faruk ya bushe a jikin rigarsa, ya tuna Habi da har yanzu ba ta iya jin ƙarar babura da yawa ba tare da ta ajiye abin da ke hannunta ba. Sannan ya kalli mutumin da ke tsugune gabansa, wanda zai shiga motar nan ko an gyara ko ba a gyara ba.

"Tashi ka kawo kututturan can," ya ce. "Kuma ka rufe bakinka. Ko an tambaye ka, ni ka amsawa."

Abin da ya fara yi ba gyara ba ne. Ya ɗauki tiyo ya zuƙo fetur kaɗan daga tankin motar na gaskiya ya zuba a wani gwangwani, ya jefa notuna a ciki kamar mai wanke su, ya ajiye shi a fili kusa da tayar. Ya ɗan karkata shi har wani ya zube a ƙasa. Yanzu duk wanda ya ji wari ya ga dalilinsa.

Suka ɗaga motar da jak, suka tokare shasi da kututture, suka cire taya. Shokazoba ba ta ba da wahala ba. Da ya ciro ta ya danna ta da hannu ɗaya, ta shige ba gardama, ta tsaya a nan. Ya jefar da ita kan tulin ƙarafa. Saura yubol, lanƙwasassun ƙarafan nan biyu da ke ɗaure sifirin a jikin aksul. Notuna huɗu ne. Uku suka kwance da kyar, bayan ya zura bututu a kan sifana don ƙarin ƙarfi. Na huɗu ya ƙi. Tsatsa ta cinye shi har ya zama abu ɗaya da ƙarfen. Ya zuba masa man birki ya jira. Ya sake ja. Sifana ta zame, kusurwoyin notin suka murje.

"Yaya, kana kokawa da noti ga ni zaune?"

Usmanu ne tsaye a bakin rumfa, tabaran walda a goshinsa. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, da layu ɗaure a damtsensa a ƙarƙashin riga. Ya gaida Attahiru da kai, Attahiru ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Bari in jawo wuta in gasa maka shi," in ji Usmanu. "Yanzu ya saki."

Haka suka saba. Duk notin da ya gagari Malami, Usmanu kan jawo tukunyar gas ya gasa shi har ya yi ja, sai ya kwance kamar ba shi ba. Kafin Malami ya buɗe baki, Usmanu ya juya ya fara jawo kurar tukunyar, tiyo na bin ƙasa.

"Bar shi, Usmanu."

"Ai ba komi, hannuna ba aiki."

"Na ce ka bar shi. Na zubar da mai nan ƙasa, ba ka ji wari ba?"

Usmanu ya shaƙi iska, ya ga gwangwanin. "Wanga ɗan kaɗan? A zuba mai ƙasa a rufe." Ya sa ƙafa ya turo yashi kan wurin da ya jiƙe, ya ɗauke gwangwanin ya kai gefe. Ya dawo ya ciro ashana daga aljihu, ya murɗa kan tiyo. Gas ya fara huci.

Notin bai fi kamu ɗaya daga ɗinkin tankin da ke zufa ba.

Malami ya miƙe da saurin da bai san yana da shi ba, ya kama hannun da ke riƙe da ashana.

"Robobin sifirin sabbi ne," ya ce. "Wuta za ta narka su, kuma ba ni da wasu. Kashe abin ga."

Usmanu ya kalli hannun da ya riƙe shi, ya kalli fuskar mijin yayarsa. Robobin suna can ƙarshen sifirin, nesa da notin, kuma duk wanda ya kalle su ya san sun tsufa. Ya murɗa kan tiyo ya kashe.

"To, Yaya. Garejinka ne."

Bai koma rumfarsa ba. Ya zauna kan wata tsohuwar taya a inuwa, ya ciro goro ya ɓara.

Malami ya ɗauko zarto. Da guduma da cizal zai fi sauri, amma suna fid da tartsatsi. Ya jiƙa tsumma ya rufe gefen tankin da shi, kamar dai ya rataye shi ne kawai, ya kwanta ya fara yanka yubol ɗin a hankali, yana ɗiga ruwa a bakin zarton. Wurin ya matse, hannu ba ya samun tafiya. Rana ta hau, kwanon rumfa ya ɗauki zafi. Gumi na shiga masa ido. Attahiru na tsugune yana riƙe da butar ruwa.

"Attahiru, kwana biyu ba a ganinka tasha," in ji Usmanu.

"Motar ce ba lahiya," Malami ya amsa daga ƙasa.

"Shi ni tambaya, Yaya. Ina za ka da ita ba kaya?"

"Bafarawa," in ji Attahiru. "Gero za ni ɗaukowa."

"Gero cikin tsakiyar damina? Wa ka da geron sayarwa yanzu?"

"Wani ne... tsohon ajiya."

Usmanu ya ci gaba da tauna goronsa.

Aka kira sallar azahar zarton bai gama ba. Suka yi salla a gindin dogon yaro su uku, Malami a gaba. Da aka sallame bai tsaya dogon addu'a ba, ya koma ƙasan mota. Can ƙarfen ya yanke. Ya sauke aksul kaɗan da jak, ya matse fallayen, ya kwance kusar tsakiya, ya zaro karyayyen fallen gida biyu. Bakin karayar rabi baƙi ne da tsatsa, rabi fari. Tsagar ta daɗe, sabon nauyin ne ya ƙarasa ta.

Ya je tulin ƙarafansa ya tono wani sifirin na hannu da ya cire daga motar da ta yi hatsari. Ya zaɓi falle ɗaya madadin wanda ya karye, sannan ya zaɓi wani mai kauri ya ƙara. A ka'idar aikinsa ba a ƙara falle gefe ɗaya a bar ɗayan, ya sha korar direbobi a kan haka. Yau ba ka'ida yake bi ba. So yake motar ta tsaya daidai da nauyin da ke ƙarƙashinta.

Mayar da fallayen aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe su a jere, ɗaya ya zura kusar ta ratsa hudojinsu. Attahiru ya shiga ya riƙe. Nauyin ya fi ƙarfinsa, fallayen suka zame. Suka sake jerawa, suka sake zamewa, ɗaya ya faɗo ya daki aksul da ƙara, ya wuce tankin da kaɗan.

"Hito," in ji Usmanu. Ya riga ya tsaya a kansu. "Hito, ka ga ba ka iyawa."

"Za mu iya," in ji Malami.

Amma Usmanu ya riga ya ja ƙafar Attahiru gefe, ya kwanta a wurinsa. Ya tallabi fallayen da hannu biyu, suka tsaya cak. Malami ya zura kusar, ya fara ɗaura noti. Kafaɗunsu na gogar juna. Yana jin numfashin Usmanu a kunnensa, ya kuma ji lokacin da numfashin ya tsaya.

Tsumman ya bushe ya zame. Usmanu mai walda ne, ba ya buƙatar a gaya masa bambancin ɗinkin kamfani da na jiya. Ya saki hannu ɗaya ya kankare lakar da farce, ya shafa danshin, ya kai hanci. Ya ƙwanƙwasa tankin da bayan yatsa. Ƙarar cikakken abu ta fito.

Babu wanda ya motsa.

"Shi ya sa ka hana ni wuta," in ji Usmanu a hankali.

"Shi ya sa."

"Ka sani tun ɗazu."

"Tun da ni shiga ƙarƙashinta."

"Yaya, kai ka ɗauko Faruk."

"Ni ni ɗauko shi."

Usmanu ya saki fallayen, amma kusar ta riga ta kama. Ya fito daga ƙarƙashin motar, Malami ya biyo shi. Attahiru na tsaye jikin bodi, bai gudu ba. Usmanu ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da motar har ta girgiza a kan kututture.

"Nawa suka biyanka?"

"Usmanu, mota bisa jak take!" in ji Malami.

"Nawa suka biyanka, munahiki?"

"Matatai sunka ɗauka," in ji Malami. "Da ɗanta na goyo. Yau ne ƙarshe."

"Kowa haka yaka cewa in an kama shi."

Attahiru ya sa hannu a aljihu, Usmanu ya ƙara matse shi. Waya ya ciro, ƙarama mai fasasshen gilashi. Ya danna da kyar ya ɗaga ta. Ashe ya naɗi kiran jiya. Muryar wani namiji ta fito tana zagi, sai tarin jariri, busasshe, mai tsawo, sai muryar mace tana cewa, "Attahiru, ba shi shan nono. Attahiru, ka jiya?" Daga nan ta yanke.

Wata motar haya ta wuce a kan hanya, fasinjoji na leƙowa. Usmanu ya sassauta hannu don kada su ga abin da ake ciki, kuma da motar ta wuce bai sake matsewa ba. Ya ja da baya. Ya ciro tasa wayar ya riƙe ta yana kallo. Kira ɗaya ya ishe shi, mutanensa suna nan bayan tasha.

"In ka kira su," in ji Malami, "ka ce da ni anka yi. Don da ni anka yi."

"Kada ka sa ni cikin wanga hali, Yaya."

"Ba ni na sa ka ba."

"Man ga zai cika babura. Su hito su kashe ƙanen wani. Wa za ya ɗauki wanga alhaki? Kai?"

Malami ya tsaya da sifana a hannu.

Usmanu ya daɗe tsaye. Daga ƙarshe ya mayar da wayar aljihu, ya tofar da goron bakinsa.

"Ban shiga ƙarƙashin motag ga ba," ya ce. "Ban ga komi ba. Amma ka ji ni da kyau, Attahiru. In ka dawo da rai, nan za ka kawo ta, ni za ni yanke abin ga da hannuna. In na ji ta sake ɗaukar ko cokali guda, ni za ni zo har gidanku." Ya juya ga Malami. "Habi kuwa, kai ka san yadda za ka yi da ita. Ni ba ni hwaɗa mata."

Ya ja kurar gas ɗinsa ya koma rumfa. Ba a sake jin gudumarsa ba.

Malami ya koma aiki. Ya samo yubol masu tsawo da za su ɗauki ƙarin fallen, ya ɗaure notunan bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, don kada su ja gefe ɗaya. Ya sa shokazoba ta hannu mai sauran ƙarfi. Ya murza sabulu a ɗinkin da ke zufa har danshin ya tsaya, ya shafe da laka. Suka mayar da taya, suka sauke motar. Ya koma baya ya kalle ta: ta tsaya daidai. Ya danna kusurwar ya saki, ta tashi sau ɗaya ta tsaya.

"Kada ka yi gudu cikin ramu," ya ce. "In ka ji wari ya yi yawa, ka tsaya ka hita."

Attahiru ya kama hannunsa da hannu biyu. Ana kiran la'asar ya fita daga garejin.

Malami ya tattara kayan aikinsa, ya wanke hannu, ya tafi gida. Habi ta kawo tuwo ya ci kaɗan. Ta tambaye shi ko jikinsa ne, ya ce gajiya ce. Ya kira lambar Attahiru ba ta shiga ba, amma a wannan yanki rashin shigar waya ba ya nuna komai.

Washegari da hantsi wani ɗan acaba da ya tsaya ƙara iska a tayarsa ya ce ya ga farar akori-kura a ƙofar asibiti, an ce wani ne ya karɓo iyalinsa daga daji. Malami ya rufe akwatin kayan aiki ya hau bayansa.

Daga nesa ya gane motar. Yanzu da tankin ya zama wofi, gefen hagu ya ɗaga sama ya fi na dama, kamar mai ɗage kafaɗa. Duk mai ido zai tambaya.

Ya sami Attahiru zaune a baranda, hannunsa na dama naɗe da bandeji, fuskarsa a kumbure. Mutanen daji sun doke shi da gindin bindiga saboda ya makara, in ji shi, amma sun saki matarsa da yaron. Ta taga Malami ya hango wata mata siririya zaune bakin gado, ƙafafunta duk tsaga, tana riƙe da hannun jaririn da aka sa wa ƙarin ruwa. Ba ta kallon kowa.

"Likita ya ce mi?"

"Ya ce a jira. Ya ce in ya kwana biyu yana karɓar ruwa, akwai fata." Attahiru ya kalli tagar. "Akwai wasu can, Baba. Mata da yawa. Wata ta ba Bara'atu sunan ƙauyensu ta ce a hwaɗa ma mutanenta tana da rai."

Malami ya miƙa hannu. "Kawo makulli. Ba ka iya tuƙi da wanga hannu, kuma bai kamata ta kwana nan haka ba."

Ya tuƙa ta a hankali ta bayan kasuwa, yana jin tankin wofi na amsa kowane rami. Da ya iso gareji, Usmanu na zaune a bakin rumfarsa. Ya riga ya ajiye jarkokin ruwa da garin sabulu. Tankin da ya ɗauki fetur ba a kai masa wuta sai an cika shi da ruwa, don tururin da ya rage ya fi man kansa haɗari.

"Sun dawo?" ya tambaya, bai kalli Malami ba.

"Sun dawo. Yaron na asibiti."

Usmanu ya gyaɗa kai. Ya ɗauki jarka ɗaya ya kai bakin motar. Malami ya nemo inda aka ɓoye murfin tankin a ƙarƙashin tabarma, ya buɗe, ya riƙe mazurari. Usmanu ya fara zubawa. Jarkar ta ƙare, ya ɗauko ta biyu, ita ma ta shige ba alamar cika. Ya tsaya ya share gumi, ya kalli sauran jarkokin da ya tanada.

"Ba su isa," ya ce. "Sai an kira mai ruwa."

Malami ya fita bakin hanya ya tsaya yana duban mai kurar ruwa.